Faifan Anti Rifkatu

Abin da na fara lura da shi da na shiga falon Anti Rifkatu a Daurawa shi ne filasta. Komai na gidan da filastar asibiti a jikinsa, an rubuta sunansa da biro. Nas ce, mutuniyar kudancin Kaduna.

Lokacin ina aji biyar na sakandare. Ba ni da surutu, shi ya sa kowa ya yarda da ni. Idan an tashi daga makaranta nakan wuce shagon Kawuna a Gyaɗi-Gyaɗi, inda ake gyaran kwamfuta. A nan na koyi aiki, a nan kuma na fara ɗauke ƙananan kaya daga kwamfutocin mutane ina sayarwa. Ba wanda ya taɓa tambaya.

Anti tana da wata kwamfuta a ƙarƙashin tebur da ba a kashe ta, duk hotunan gidan a cikinta suke. Wata rana ta ƙi tashi, sai rubutu take nunawa cewa ba ta ga faifan ajiyar bayanai da take tashi da shi ba. Kawu ya tura ni.

Ina buɗewa na ga matsalar: wayar ƙaramin faifan ce ta saki. Na danna ta, shi ke nan. Amma a gefensa akwai babban faifai sabo, an rubuta "Baban Joy" a filastarsa.

"Me ya sa kike ba ni baya, 'yata?" in ji ta.

Na ce haske nake nema.

Da ta shiga kicin, na zare shi, na sa wani matacce da ke jakata, na ɓanɓare filastar na manna masa. Na ce mata babban ne ya mutu. Ta daɗe tana kallon hannuna. Ina fita na sayar da nata faifan.

Bayan kwana uku ta zo shago da mataccen faifan. Ta ɗaga gefen filastar a gaban Kawu. Zare ne shuɗi manne a ciki, na hijabin makarantarmu.

"Filasta sau ɗaya take kamawa da kyau," ta ce. "Ina muryar mijina?"

Sai a lokacin na san abin da na sayar: hotuna da muryar mijinta, Baban Joy, da ya rasu. Wanda ya saya ya riga ya goge.

Asirin sauran satar ma ya tonu. Na yi watanni a gidan gyaran hali na yara. Na fito na tuba, amma ku da ake ba ku kayan mutane ku gyara, ku sani ba ƙarfe kaɗai aka ba ku ba.

Kawu ya karɓo faifan Anti daga wanda ya saya, ya ce wani lokaci abin da aka goge yana dawowa. Jiya na je na tsaya a ƙofarta.

"Anti, ki bar ni in gwada. Ki zauna a gabana, ba zan ba ki baya ba."