Haruffan Audi a Allon Hajiya Zenabu

Audi ya koyi jera haruffan dalma a wata maɗaba'a a Injamena, a hannun wani tsohon Bafaranshe mai faɗan tsiya. Da tsohon zai koma gida, ya bar masa littafin samfurin haruffa, bugun Faris na tun kaka da kakanni, kowane shafi da irin rubutunsa, daga manya har ƙanana kamar ƙwayar gero. Da shi Audi ya zo Madina, ya samu aiki a wani shagon rubuta alluna a unguwar Sultana. In ka sake masa fuska, sai ya kai ka la'asar yana bayanin bambancin haruffan Garamon da na Dido, ko ruwa bai kurɓa ba.

Damuwarsa ɗaya ce: Bakri, mutumin Sudan, abokin aikinsa. Bakri ke rubuta Larabcin allo, Audi ya sa Faransanci a ƙasa saboda alhazan Nijar da Chadi. Kowa ya zo karɓar aiki sai ya ce, "Ma sha Allah, hannun Bakri!" Babu mai kallon ƙasa. Kishi ya ci Audi, har abinci ba ya masa daɗi ranar da aka yabi Bakri.

Sai Hajiya Zenabu, mai gidan abinci a tsakiyar gari, ta ba da aikin babban allo. Bakri ya gama nasa ya tafi gida. Audi ya buɗe littafinsa, ya zaɓi Dido mafi kauri, ya zabga shi har ya ninka Larabcin girma. Ya ce a ransa yau za a san da shi.

An kuwa sani. Ana kafa allon Hajiya ta kira mai shago tana faɗa: "Ya sheikh, so kuke baladiyya, hukumar gari, ta rufe ni? A Madina Faransanci zai danne Larabci? Halas, magana ta ƙare, a sauke!"

Mai shago ya ce Bakri ya sake allon shi kaɗai. Bakri ko gaisuwa bai iya da Faransanci ba, amma ya zauna ya ƙura wa haruffan Audi ido, ya kwaikwaye su da burushinsa, ƙanana, a natse.

Da aka kafa sabon allon, Audi ya je takanas don ya tsinto kuskure. Ya tsaya a tsallaken titi yana bin su harafi bayan harafi. Sun fi nasa kyau, kuma duk garin shi kaɗai ya isa ya gane hakan. Tun daga ranar, in zai je Harami, ta bayan otal-otal yake zagayawa don kada ya bi ta gaban allon.