Labaran Ƙarfe Ɗaya da Mai Shagon Kayan Babur

Ba zan taɓa manta wata Laraba ba, kusan shekara talatin ke nan, da misalin ƙarfe goma na safe, a bakin titi kusa da kasuwar Birnin Kebbi. Mu uku ne a wurin: ni, da wani ɗan kudu mai shagon kayan gyaran babur, da wani manomi daga Argungu da ke jibge buhunan albasarsa a gefen shagon. Na je sayen sarƙar babur ne kafin in wuce gidan rediyon da nake karanta labarai.

Na tarar suna cacar baki, kamar yadda suka saba. Mai shago yana cewa, "Malam, kwashe albasarka, ta toshe mini ƙofa." Manomin yana dariya yana cewa, "Oga, titin na ubanka na?" Muna cikin haka mutum biyu suka zo a kan babur, na baya ya yi harbi sau ɗaya, suka wuce. Ban ga fuskarsu ba. Manomin ya faɗi a kan buhunansa. Mai shago ya rungume shi yana kiran sunansa, da ya ga jini ya ƙi tsayawa sai ya ruga neman mota. Kafin motar ta zo rai ya yi halinsa.

Waɗanda suka zo daga baya abu biyu suka sani: an ji suna faɗa, an kuma ga ɗan kudu yana gudu da jini a riga. Kafin azahar magana ta zagaye kasuwa, wasu matasa har sun fara taruwa a ƙofar shagon.

Da na isa ofis, editanmu ya miƙo mini takardar labaran ƙarfe ɗaya. A ciki an rubuta cewa ana zargin mai shagon, maƙwabcin mamacin a kasuwa. Na ce, "Yallaɓai, wannan layin ba zan karanta ba." Ya ce, "Mutum biyar sun faɗa mini." Na tambaye shi ko a cikinsu akwai wanda yake wurin. Sai ya ce, "To kai mi ka gani?" Na faɗa masa. Ya miƙo mini biro in gyara.

Abin da na karanta gajere ne. Wasu mutum biyu a kan babur, da ba a san ko su wane ne ba, sun harbe wani manomi. Maƙwabcinsa mai shago ne ya fara kai masa ɗauki. Ban yi ado ba, muryata ma ban sauya ba.

Mai shagon ya nace sai ya bi gawa Argungu, duk da an hana shi. Na bi su don ina tsoron kada a taɓa shi. Jita-jita ta riga mu zuwa, amma labarai sun riga ta, domin yayan mamacin yana fadama da rediyonsa rataye a wuya lokacin da na karanta. Bayan an rufe mamacin, yayan nasa, wani dattijo, ya dubi baƙon da ke tsaye can gefe, ya ce, "Kai ne ka riƙe ƙanena?" Ya ce shi ne. Dattijon ya matsa masa wuri a kan tabarma, ya ce, "Zamna nan kusa da ni. Ku ba wanga bawan Allah ruwa."

Yau na yi ritaya, kuma in na tuna ranar nan hankalina kwance yake. Ta koya mini in raba abin da na gani da abin da na ji, ko mutum nawa suka faɗa. Mai shagon ya tsufa a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, 'ya'yansa ke riƙe da shagon. Waɗanda suka yi harbin, har yau ba a kama kowa ba.