Jan Bulo Daga Kufai

Ni na fara gina ɗaki da jan bulo a ƙauyenmu, kuma ban nemi izinin kowa ba.

Ƙauyen yana bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga, yamma da garin Hasahisa. Kakanninmu daga ƙasar Sakkwato suka taso da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a nan, suka tsaya tsintar auduga kafin su ci gaba. A wannan tsayuwar aka haifi ubana, aka haife ni, na haifi nawa. Amma duk tsohon da ka tambaya zai ce maka muna kan hanya. Saboda haka ba a gini mai ƙarfi. Laka, kara, ciyawa, abin da za ka tashi ka bari ba ka waiwaya ba. Wanda ya ɗora bulon da aka gasa da wuta, a wurinsu ya warware niyya ke nan.

Ƙasar Jazira kuwa, wato wannan yankin namu, baƙar laka ce, da rani ta tsage, da damina ta kumbura. Duk shekara bango ya faɗi, duk shekara mu tada shi. Wata damina bangon ɗakina ya zube da hantsi, ya danne gadon da ɗiyata ke kwance da zazzaɓi. Mun tono ta da rai, amma ƙafarta ta hagu ba ta sake miƙewa ba. Ranar na ce na gama da laka.

Ba ni da halin sayen bulo. Sai dai akwai kufai kusa da kogi, tsohon gari da Larabawan wurin ke cewa ya riga Turkawa. Sun ce kasuwa ce babba a da, fatake daga Habasha da Masar nan suke haɗuwa, har yaƙi ya zo ya cinye garin. Abin da ya rage tuddai ne, da fasassun tukwane, da ƙubbar wani shehu da mata ke ziyarta. In ka kafa fartanya a gefen tudu, bulo ne jere, ja wur, sai ka ce jiya aka fidda shi daga wuta. Nesa da kaburbura nake tono. Kullum in na taso daga gona sai in kora jakina can, in dawo da abin da zai iya ɗauka.

Ubana ya rasu, don haka ƙanensa, Baffa, shi ne babba a gidanmu. Yana ganin tarin bulo na tashi a tsakar gida, bai ce uffan ba, sai da baƙo ya zo.

Baƙon mutumin Pakistan ne, a kan keke. Siriri, rana ta ƙona shi, ya ɗaure gwangwanaye da bargo a baya. Lakar bakin tur'a ta lanƙwasa masa ƙafar keken, ya turo shi har ƙofar masallacinmu. Mu ba ma tambayar matafiyi dalili, Baffa ya sauke shi. Bayan la'asar aka taru a rumfa ana shan shayi, yana ba mu labari da Larabcinsa mai tsalle-tsalle. Ya ce duniya yake zagayawa don a rubuta shi cikin waɗanda suka fi kowa. Ya ce mutanensu sun saba da haka. A ƙwallon sanda babu ƙasar da ta kai su. Akwai wani nasu da ya yi kwanaki tsaye a fili yana bugun ƙwallo har masu jefo masa suka gaji. Shi kuma so yake ya fi kowa nisa a keke.

Baffa ya juyo gare ni, ya yi magana da Hausa don kowa ya ji.

"Ka gani ko, ɗana? Mutum da ƙarfe biyu ya ratsa ƙasashe. Kai da jakinka kana jidar bulon matattu. Waɗanda sunka gasa shi, ina suke yanzu?"

Na ce, "Sun mutu, Baffa. Mu ma za mu mutu. Su dai ba bango ya kashe su ba."

Sai na tambayi baƙon da Larabci, in ya gama zagayen ina zai nufa. Ya ce gida. Na ce da me aka gina gidan? Ya yi dariya, ya nuna tarin da ke tsakar gidana. Ya ce lokacin da aka raba ƙasarsu yana yaro, da ƙafa ubansu ya fito da su daga garin da aka haife su, kuma suna isa inda suka isa, bulo ya fara nema.

Baffa ya ce, "Ubanshi gudu ya yi. Mu niyya munka yi."

Na ce, "In rubuta wanda ya fi kowa ake yi, to a rubuta mu. Babu waɗanda suka fi mu daɗewa a hanya ba su isa ba. Niyyar nan ce ta karya ƙafar ɗiyata."

Baƙon yana duban fuskokinmu bai san me aka ce ba. Baffa ya aje kofinsa, ya ce duk wanda ya ɗora mini bulo ɗaya ba shi ba shi.

A wurinmu gayya ake yi wa gini, ka dafa abinci maza su taru, kafin azahar bango ya tashi. Na dafa. Ba wanda ya zo. Har ƙanena ya wuce ta bayan darni kansa a sunkuye. Baƙon ya so ya taimaka, na hana shi, don a gidan Baffa yake ci. Da maƙeri ya gyara masa keke ya kama hanyar garin Madani. Ko an rubuta shi ko ba a rubuta ba, ban taɓa ji ba.

Ni da uwar yara muka yi ginin. Ita ke kwaɓa ƙasa, ni ke jerawa. Ban iya ba, kusurwa ɗaya ta karkace, na rushe ta na sake. Yatsuna suka tsattsage. Muka yi rani guda muna abu ɗaya, kafin ruwan farko na ɗora rufi, na ɗauko yarinyar na kwantar da ita ciki.

Baffa bai taɓa taka ɗakin ba har ya koma ga Allah. Ya rasu da niyyarsa, a nan aka binne shi, bayan tur'a, kusa da ubana. Na yi masa wanka da hannuna. Makka kuwa ni ma ban je ba, kuma ban ce na fasa ba. Allah ya san inda nake, ba sai bango ya faɗo mini zai gane ni matafiyi ne ba.

Yanzu in hadari ya haɗo daga kudu, matan unguwa sukan kwaso jarirai su nufo ɗakin, su cika shi har bakin ƙofa. Mazajensu sukan tsaya a bakin darni cikin ruwa, ba su shigowa. Ban taɓa hana kowa shiga ba, ban kuma ba kowa haƙuri ba.