Wurin da Bala ya kulle a famfunan Tudun Ƙofa

Shekara bakwai ke nan da muka kai Bala makwancinsa, kuma har yau ban huta da yin faɗa a madadinsa ba. Abokina ne tun firamare. Tare muka yi karatun injiniya, tare muka buɗe ɗan shago a Keffi muna haɗa akwatunan da ke sarrafa famfunan sola na rijiyoyin burtsatse.

Kowane akwati yana da 'yar ƙwaƙwalwar ajiya da muke kira filash, ba ta kai farcen babban yatsa ba. Manhajar da ke tuƙa na'urar ba ta san komai a kanta ba sai an rubuta mata: girmanta kaza ne, daga nan zuwa nan na tayar da na'ura ne, daga nan zuwa can na aiki. Wannan rubutun shi ne aikin Bala. Taurin kansa kuwa, sai ya yanki wuri mai yawa ya zuba kwafin manhajar na biyu, ya rubuta cewa a karanta kawai, kar a taɓa.

Na sha yi masa tsiya cewa ɓarnar wuri yake yi. Sai ya ce, "Kai Sule, waɗanda suka ƙera abin nan ba su san hadarin Agusta ba. Ana tsakar sabunta manhaja rana ta ɓace, akwati ya mutu, kai za ka hau mashin zuwa Garaku ka tayar da shi?" Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A watan jiya wani kamfani daga Abuja ya karɓi kula da famfunan. Suna son saka tsarin da zai ba su damar tsayar da ruwan unguwa daga ofis duk ranar da suka ga dama. Tsarin bai samu wuri a filash ba, sai an share abin da Bala ya kulle. Suka zo wurina da ladabi, domin ni kaɗai na rage da na san yadda ya raba wurin. Shugabansu ya ce, "Injiniya, mai shi ya rasu, wurin kuma zaman banza yake yi."

Ba zaman banza yake yi ba. Da daminar bara famfon Tudun Ƙofa ya mutu ana cikin sabuntawa, ya koma kan kwafin ya tashi da kansa. Matan da ke layi da jarkoki ba su ma san an yi ba.

Ina yawan tunanin abin da Bala zai ce da ya ga wannan. Ba na jin zai yi dogon jawabi. Zai sa a kawo wa mutanen kamfanin ruwan sanyi, ya tambaye su daga wace rijiya suke tsammanin an ɗebo shi. Ni ban kai shi haƙuri ba, na ce musu a'a tun kafin su zauna.

Bala bai bar gida ba, bai bar mota ba, sunansa ma ba ya jikin ko ɗaya daga cikin akwatunan. Ya bar ruwan da ba ya jiran izinin kowa, kuma ina kewarsa ƙwarai. Allah ya sa wannan ruwa ya zame masa sanyi a kabarinsa.

Na san za su iya samo wani ya share, ba ni da ikon hana su. Amma ba da hannuna ba. Ranar da famfo ya yi shiru, matan unguwa sun san gidana, ni kuma na san ofishin kamfanin. Zan raka su har ƙofa.