Disk Zero

Wata Laraba ce a bazarar da nake ajin ƙarshe na lekol, shekara guda da rasuwar Inna. Na dawo daga famfo da bokiti a ka, ko gammo ban sauke ba, Baba ya ƙwala mini kira daga zaure. A nan yake buga wa mutane takardun meri, ofishin magajin gari, da tsohuwar ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta, har daga Bande da Dantchiao ana zuwa masa. Na tarar ya buɗe cikinta, wayoyi a waje kamar hanjin akuya, gumi na ɗiga daga gemunsa.

Disk ɗinta, wato rumbun da take ajiye komai, ya fara ƙara ƙas-ƙas, an ce masa ya kusa mutuwa. A cikinsa hotunan Inna suke, da muryarta guda ɗaya tak da Baba ya taɓa ɗauka tana daka tana waƙa tana yi mana faɗa. Ni da ƙannena kullum bayan mun ɗaure awaki sai mun roƙe shi ya kunna mana. Don haka ya sa aka kawo masa sabon disk daga tsallaken iyaka, ya jona shi kusa da tsohon, da niyyar ya zuba sistem, manhajar da ke tafiyar da injin, a sabon, sannan ya kwashe Inna ya mayar can.

Tun hantsi yake fama. Da farko injin ya ƙi ganin sabon disk, sai da ya cire waya ya hura ya mayar. Aiki ya fara tafiya, sai kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Da ya dawo, sai rubutu ya fito da Faransanci, shi kuwa Baba ba ya jin sa, don a Kano ya yi ɗan karatunsa. Ni ce 'yar lekol, ni ce ta ɗaya a aji, kuma Allah ya sani ina ji da kaina a lokacin.

"Uwata, karanta mini," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Wanne ne babu komai a ciki?"

Layi biyu ne: disk zero da disk ɗaya. Na san zero sarai. Shi ne Mushe, malamin ajinmu, yake zana wa daƙiƙai a allo, da'ira ƙatuwa, ya ce kansu fanko ne. Ban ko dubi sauran lambobin da ke gefe, masu nuna girman kowanne, ba. Na ce, "Zero mana, Baba. Zero ai babu ne." Ya ce madalla, ya danna, injin ya tambaya ko a goge, na ce ya amsa masa.

Sistem ya zauna lafiya lau. Sai bayan la'asar da ya shiga neman hotuna muka gane inji daga zero yake fara ƙirga, tsohon ne na farko, shi muka goge da Inna a ciki. Baba bai dake ni ba, bai ko ɗaga murya ba. Ya kashe injin, sannan ya ce, "Je ki ba awaki ruwa." Da ma dukana ya yi.

Yau gyaran ordinatar ne sana'ata a Magaria, kuma ba na goge disk sai na duba girmansa sau uku, masu kaya har tsaki suke yi. Yanzu ko yaro yana da muryar uwarsa a wayar salula. Autarmu, wadda aka bari tana rarrafe, takan tambaye ni yadda muryar Inna take. Nakan buɗe baki in kwaikwaya mata, sai in ji tawa ce kawai ke fita.