Gwangwanayen Baba Audu

Asabar ɗin farko ta dogon hutu, shekarar da na gama aji huɗu, Inna ta ɗora mini bokitin kunun zaƙi a ka, ta ce kada in dawo mata da ko ludayi ɗaya. Daga unguwarmu Fadikpe, a Minna, na taka har bayan tashar jirgi, ina bin wasu 'yan talla, ranar na fara shiga lungun da ake kira Layin Masu Zane. Wuri ne matsattse, gidajen ƙasa da tsohon kwano, amma duk inda ka juya launi ne. Masu ƙwarya na bakin layi suna ƙona ado da wuƙa mai zafi, gaba kaɗan maƙeran tagulla na ƙwanƙwasa tire, sai masu fenti da suka jingina ƙyauren manyan motoci a bango: ga zaki, ga dawisu, ga wani ƙato yana kokawa da kada. Na saki baki ina kallo har kunun ya kusa tsami.

Shagon ƙarshe na Baba Audu ne, wani siririn dattijo mai fenti a gemu. An ce ubansa tare da jirgin ƙasa ya zo Minna, yana rubuta lamba a jikin taragu, kuma rabin masu fentin layin a hannun Baba suka koya. Shi allon masu aski yake zanawa, kawuna shida a jere, kowanne da irin askinsa. Ba ya aiki a waje kamar sauran, sai ya saki asabari ya shige ciki, wai iska na ɓata masa fenti. Ni kaɗai yake bari in shiga. Kullum sai ya sha kofi biyu, ya ba ni guntun kwali da ragowar fenti in yi ta jagwalgwalona.

Wata rana akuya ta ture katakon da yake jera gwangwanayen fentinsa guda bakwai. Allah ya sa da murfinsu. Na tarar da shi a durƙushe yana lalube, ya ɗauki guda ya kai har bakin hancinsa, sannan ya tambaye ni ƙasa-ƙasa wane launi ne. A nan na gane. Yanar ido ce ta rufe masa gani. Siffa yana ganinta dishi-dishi, launi kuwa ya daɗe da ɓace masa. Matarsa ke zuwa duk Juma'a ta cika gwangwanayen ta jera, shi kuma ya ƙirga daga hagu: na uku ruwan ƙasa ne na fatar mutum, na biyar kore. Sauran aikin hannunsa ya haddace tun kafin a haifi Innata. Ya ce idan layin ya ji, ko allon mai shayi ba mai sake kawo masa. Ya sa na yi alkawari, na yi, har da rantsuwa.

Bayan sati biyu na dafa wani allo da bai bushe ba, yatsuna biyar suka zauna ɗaram a goshin kan farko. Baba ya shafa ya ji, ya zuba mini rankwashi a gaban 'yan talla, ya kira ni ƙazama. Suka bi ni da sunan har gida. Ni kuwa tun ina ƙarama riƙo gare ni, Inna ma ta gaji da faɗa. Washegari da ya tafi sallar azahar na ɗaga asabarin, na mayar da na uku gurbin na biyar, na biyar gurbin na uku. Ko minti ɗaya ban yi ba. Ba zan ɓoye ba, da daɗi a raina na fito.

Kwana biyu bayan haka wani mai aski da ya ba Baba aikin sabon allo ya zo daga Kasuwar Kure, ni kuma tun hantsi ina rakuɓe ina jira. Mutumin ya fito da allon cikin rana, sai ga kawuna shida kore shar kamar ɗanyen mangwaro. Ya tambayi Baba da ƙarfi, wannan mutane ne ko ganye? Nan da nan layin ya cika, har maƙera suka ajiye guduma. Sale, ɗaya daga cikin waɗanda Baba ya koya wa riƙe buroshi, ya cire jar hularsa ya ɗaga a gaban fuskar tsohon, ya ce ya faɗi launinta. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce baƙa ce. Dariyar da aka yi, har da masu riƙe ciki. Ni kuwa ban yi ba.

Baba ya juyo sashen da nake, taku biyu ne tsakaninmu.

"Asabe, kina nan?"

Na ƙara lafewa a jikin bango da bokitina.

"Ina jin ƙanshin cittar kununki," in ji shi a hankali.

Bai taɓa faɗa wa kowa abin da na yi ba. Aikin allon ya koma hannun Sale, sauran ayyukan ma suka bi. Kafin damina ta wuce an garƙame shagon, aka ce matarsa ta kai shi wurin dangi a Tudun Fulani, can ya rasu. Ni kuwa na canza hanyar talla, na ce wa Inna layin ba ciniki.

Bara na sake bin layin da ƙafa. Masu ƙwarya sun tashi, ƙarar guduma ta ɗauke, inji ne ke buga allon aski da hotunan 'yan ƙwallo. A shagon Baba cajar waya ake sayarwa. Amma a gindin bango, inda katakon yake, har yanzu akwai tabon fenti bakwai a jere. Na tsaya na ƙirga daga hagu, mai shagon na kallona kamar wadda ta zautu. Tambaya ɗaya tsohon nan ya yi mini waccan ranar, har yau ban amsa ba.