Kaskon Hauwa

Malam Tanimu manomin doya ne a Zuma, tun zamanin da motocin da ke bi ta gindin Dutsen Zuma ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Noma ya ci masa gwiwoyi, amma bai taɓa damuwa ba, domin yana da Hauwa. Duk damina sai matar tasa ta shige madafa da barkono da citta da kanumfari, ta fito da abin shafawa a ƙaramin kasko. Ya shafa yana mita wai zafi, washegari kuma ga shi a gona. Bai taɓa leƙa madafar ba. A ganinsa namiji da murhu sai dai kallo daga nesa.

Da Hauwa ta rasu, abin da ke kaskon ya ƙare, gwiwoyin suka ƙi lanƙwasuwa. Tanimu ya koma sallah a kan kujera, wannan kuwa ya fi ciwon ci masa rai. Burinsa ɗaya ne, goshinsa ya sake taɓa ƙasa.

Shi dai a wurinsa magani jiƙo ne, irin sassaƙen maɗacin da mahaifinsa ke jiƙawa a tulu. Sai ya daka kayan nan uku, ya jiƙa a ruwa, ya yi ta shafawa. Ko gezau. Rashin sani ya fi dare duhu! Ya tafasa, ya ƙara barkono har ya yi ta atishawa kaji na gudu.

A haka Debora ta same shi, maƙwabciyar da ta daɗe tana kawo wa Hauwa man kaɗe. Ta leƙa tukunyar, ta riƙe haɓa.

"Malam, miya kake yi? Ruwa ai ɗacin maɗaci yake ja. Zafin barkono da ƙarfin kanumfari kuwa mai suke bi. Kai a zatonka man da nake kawowa na kitso ne?"

Shi kam haka ya zata, shekara da shekaru.

Ta narkar da man a kaskon Hauwa bisa garwashi, ta zuba garin, ta bar shi har man ya yi ja, sannan ta tace da tsumma. Ƙamshin ya cika gidan kamar da. Kewa ta taso wa Tanimu, ya juya baya don kada ta ga idanunsa.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, ya ture kujerar gefe. Da ƙyar ya kai goshi ƙasa, ƙamshin kanumfari na tasowa daga gwiwoyinsa. Ya daɗe bai ɗago ba, addu'ar kuma duk ta Hauwa ce.